Fatsar Salmon da Tirawut na Teku a Kogin Spey Lokacin Ruwan Sama

Idan aka kwana ana sheƙa ruwa a tsaunukan arewacin Sikotilan, manomin da ya yanke ciyawa bai kwashe ba da damuwa yake tashi, amma mai fatsar salmon da murna yake wayar gari. Salmon da ɗan'uwansa tirawut na teku a kogi ake ƙyanƙyashe su, su tafi teku su yi ƙiba, sa'an nan su komo kogin da aka haife su domin zuba ƙwai, kuma ba su cika son hawa kogi ba sai ya kawo. Duk da haka, yawancin masu farawa suna fahimtar lamarin a baibai: suna fita da sanda ruwa na tsakiyar sauka, kogi na ta hauhawa, su wuni suna jifa a banza, su koma masauki a jiƙe a daidai lokacin da ya kamata su fito. Aikin ruwan sama shi ne ya kira kifi ya shigo, kamu kuwa yana zuwa ne sa'ad da kogin ya fara janyewa yana washewa. Kusan duk abin da za a faɗa a nan a kan wannan yake rataye.

Na ɗauki Kogin Spey a matsayin misali saboda a gaɓarsa aka ƙirƙiro salon jifan da ake kira da sunansa tun a ƙarni na 19, kuma yana ba da kifayen biyu. Tsawonsa kimanin kilomita 172 ne, yana ratsa garuruwan Grantown da Aberlour da Craigellachie da Fochabers kafin ya faɗa teku a Spey Bay, kuma yana cikin kogunan da suka fi gudu a ƙasar. Abin da ya dace da shi zai yi amfani a kogunan Tay da Tweed da Dee, da ɗan gyara kaɗan.

Abin da ake jefa wa kifin

Wanda ya saba da fatsa da tana ko wani koto zai yi mamakin jin cewa salmon ba ya cin abinci bayan ya shigo ruwan daɗi. Kitsen da ya tara a teku shi yake ci da shi har ya zuba ƙwai a ƙarshen shekara. Saboda haka abin da ake jefa masa ƙugiya ce da aka ɗaure wa gashin tsuntsu da gashin dabba da zare mai ƙyalli, wadda za mu kira ƙwaron gashi. Kifin yakan cafke shi ne don fushi, ko don son sanin ko mene ne, ko don tsohuwar ɗabi'arsa ta farauta a teku, kuma yakan yi hakan ne a wasu 'yan lokuta kawai, musamman idan bai daɗe da shigowa ba, ya tsaya hutawa a sabon wuri. Wannan ƙwaro ba shi da nauyin da zai ja zare, don haka igiyar kanta ce mai nauyi, ita ake jifa, ƙwaron ya bi ta a baya.

Izini kafin komai

A Sikotilan ba a sayen lasisin sanda na gwamnati kamar yadda ake yi a Ingila da Wales, amma laifi ne a doka mutum ya yi fatsar salmon ko tirawut na teku ba tare da rubutaccen izinin mai haƙƙin wurin ba. An yanyanka kogin yanki-yanki, kowane yanki da mai shi, da adadin sandunan da aka yarda su shiga a rana. Wasu yankunan tsadarsu ta wuce misali, amma a Grantown akwai ƙungiyar masu fatsa da ke sayar wa baƙi izinin rana ko na mako a kan kuɗin da ba ya karya mutum, kuma nan ne nake ganin ya fi dacewa mai koyo ya fara. Ana buɗe fatsa a Spey ranar 11 ga Fabrairu, a rufe ranar 30 ga Satumba. Ranar Lahadi ba a fatsar waɗannan kifaye ko'ina a Sikotilan, wato wanda ya fita ranar Asabar da dare sai ya naɗe igiyarsa kafin ƙarfe 12.

Ka karanta takardar izininka tsaf, domin a nan za ka ga irin ƙugiyar da aka yarda da ita da hukuncin sakin kifi. Doka ta wajabta mayar da duk salmon da aka kama kafin 1 ga Afrilu, kuma tun 2016 ake rarraba kogunan ƙasar daraja uku gwargwadon lafiyar kifinsu, inda masu daraja ta uku ba a kashe salmon ko ɗaya a cikinsu. Sayar da salmon da aka kama da sanda haramun ne a dokar ƙasar. A aikace ma, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda ake kamawa da sanda mayar da su ruwa ake yi, saboda kifin ya ragu ƙwarai, har a Disamba 2023 aka sa salmon na Birtaniya cikin jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Ka tafi da niyyar saki tun daga gida.

Karanta ruwa

Nan ne ya kamata ka fi ɓata lokaci. Hukumar kula da muhalli ta Sikotilan, SEPA, tana da ma'aunan tsayin ruwa a wurare da dama a kan Spey da rassansa, kuma ana ganin alkaluman a intanet. Kada ka tsaya ga tsayin ruwan na yanzu kaɗai, ka dubi inda layin ya dosa cikin sa'o'in da suka wuce, sa'an nan ka dubi ma'aunan da ke sama da inda za ka tsaya, domin ruwan da ya wuce can da safe shi ne zai iske ka da rana. Spey yana da wata ɗabi'a da ya kamata a sani: ruwan da ya sauka can sama yana ratsa fadamar Insh da tafkinta, wadda ke riƙe shi ta riƙa saki a hankali, don haka yakan zo da jinkiri ya kuma daɗe bai janye ba, alhali wanda reshen Avon ke kawowa daga tsaunukan Cairngorm yakan faɗo da sauri ya wuce da sauri. Yankunan da ke ƙasa da mahaɗar Avon a Ballindalloch suna iya cika alhali Grantown bai motsa ba.

Da ka isa gaɓa, kafin ka haɗa sanda, ka kafa ɗan tsinke a daidai bakin ruwa ko ka sa ido kan wani dutse da ruwa ya kai rabinsa, ka riƙa waiwayarsa duk bayan minti 15 ko 20. Da zarar kogi ya fara motsi, a 'yan santimitocin farko, akan samu ɗan lokaci, wani sa'in rabin sa'a, da kifayen da suka daɗe kwance a gurbi, wato wuri mai zurfi a cikin kogi, suke farkawa su kama. Idan kana wurin, ka yi amfani da shi. Bayan haka za ka ga ganyaye da ƙirare da kumfa suna gangarowa, ruwan ya rine ya zama kamar kunu, kuma daga nan kifin ya sa kai gaba, tafiya kawai yake yi ba ya kallon komai. Za ka iya ganinsu suna fantsama suna wucewa, ranka ya biya, amma kifi mai tafiya ba ya cika kamawa. Ka koma ka sha shayi, ka gyara kayanka, ka jira.

Lokacin da ake nema shi ne sa'ad da tsinkenka ya fara zama a kan busasshiyar ƙasa, datti ya daina gangarowa, launin ruwan ya tashi daga kunu ya koma kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Wannan launi daga baƙar ƙasar fadamun tsaunuka yake zuwa, kuma ba ya hana kifi ganin ƙwaro. Ga gwaji mai sauƙi: ka shiga ruwa iya gwiwa, idan kana ganin takalminka, to a fara. A ƙananan kogunan yammacin ƙasar wannan dama ba ta wuce 'yan sa'o'i, kogi ya kawo da asuba ya koma yadda yake kafin magariba, amma a Spey takan kai kwana biyu zuwa huɗu. Abin da ya fi ɓata fatsa shi ne marka mai sa kogi ya yi ta hawa da sauka a rana ɗaya, domin kifin ba ya natsuwa. Yayyafi mai ɗumi da sama a lulluɓe, ba tare da kogi ya motsa ba, wannan kuwa alheri ne, kada ya hana ka fita.

Ka riƙe ma'aunin zafi a aljihu. Tsohuwar ƙa'idar masu fatsa ita ce idan zafin ruwa bai kai digiri 9 ko 10 na ma'aunin Celsius ba, a sa babban ƙwaro a nutsar da shi ya yi tafiya a hankali, idan ya haura haka a rage girmansa a bar shi kusa da saman ruwa. Sun kuma lura kifi ya fi tasowa idan iska ta fi ruwan ɗumi. Idan a tsakiyar bazararsu ruwa ya doshi digiri 20, a haƙura, domin kifin da aka gajiyar a ruwa mai ɗumi yakan mutu ko an sake shi.

Sutura da tsaron rai

Kana bukatar wandon da ba ya shan ruwa mai kaiwa ƙirji, da ɗamara a ƙugu a ɗaure tamau don kada ya cika da ruwa idan ka faɗi, da takalmi mai ƙusoshi a tafi saboda duwatsun Spey manya ne masu santsi, da gajeriyar rigar ruwa mai hula. A ciki ka sa ulu ko yadin roba mai bushewa da wuri, ka guji auduga, domin idan ta jiƙe sanyi take riƙewa a jiki. Rigar kariya daga nutsewa, irin mai kumbura da kanta idan ta shiga ruwa, da sandar dogarawa mai nauyi a gindi wadda aka ɗaure a jiki da igiya, waɗannan biyun ban yarda a yi jayayya a kansu ba. Tabarau kuma dole ne ko rana ba ta fito ba, saboda iska na iya juyo da ƙugiya fuska.

Sandunan yanzu da kabon ake yin su, kuma kabon yana jan wutar lantarki. Da ka ji tsawa ko ka ga walƙiya, ka kwantar da sanda a ƙasa ka nisance ta, ka fita daga ruwa, kada kuma ka fake gindin itace. Haka nan ka riƙa ɗaga kai kana duba wayoyin wuta idan kana tafiya da sanda mai mita huɗu a kafaɗa. Kada ka taɓa tsallakawa tsibiri ko tudun tsakuwa na tsakiyar kogi a ranar ruwa, domin mashigin da ka bi iya gwiwa yana iya kaiwa ƙirji kafin ka juyo. Maƙwabcin Spey, wato Findhorn, ya yi suna wajen kawowa farat ɗaya ko da ba a yi ɗigo a inda kake ba, kuma har yau mutanen yankin ba su manta ambaliyar Agusta 1829 ba, wadda ta karya gadoji ta share gidaje a gaɓar kogunan biyu.

Haɗa kaya

Ga salmon a Spey, sanda mai hannu biyu ake amfani da ita, tsawon ƙafa 13 zuwa 15, da ƙwarƙwaro, wato abin naɗe igiya, mai birki mai kyau wanda ke ɗauke da aƙalla mita 150 na zaren ajiya a ƙarƙashin igiyar jifa. Mafi sauƙi ga mai farawa shi ne igiya mai yawo a saman ruwa wadda ake sauya mata baki: akwai bakin da ke yawo, da mai nutsewa kaɗan, da mai nutsewa da sauri. Idan ruwa ya cika yana gudu, ka sa baki mai nutsewa da sauri, da gajeren zaren nailan na mita 1 zuwa 1.5 mai ɗaukar kilo 7 zuwa 9, domin dogon zare yakan bar ƙwaro ya taso sama ya ɓata amfanin bakin. Gwargwadon yadda ruwa ke janyewa, haka za ka riƙa komawa baki mai sauƙi da zare mai tsawo da siriri, har ka kai mita 3 ko 4.

Ƙwari kuwa, akwatuna ake cikawa da su, amma huɗu ko biyar sun ishe ka. A ruwa mai launin shayi, masu ruwan lemo da rawaya da baƙi su ne kifi ya fi gani, shi ya sa Ally's Shrimp da Cascade da Willie Gunn suka mamaye akwatunan masu fatsa a ƙasar. Ka samu kowanne a girma daban-daban, wasu a kan ƙaramin bututun tagulla na santimita 2.5 zuwa 5 don cikar ruwa, wasu a kan ƙugiya mai lamba 8 zuwa 12 don bayan ya washe. Stoat's Tail, baƙi ne ƙarami, na ruwan da ya koma garau. A ganina girma da zurfin da ƙwaro ke tafiya sun fi launinsa muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma wanda ke sauya ƙwaro duk bayan jifa goma ƙwaronsa ya fi daɗewa a hannu fiye da cikin ruwa. Ka danne kunnen ƙugiya da filaya don ta yi sauƙin cirewa. A yankuna da yawa akwai mai kula da wurin da ake kira gili, wanda ya san kowane dutse a kowane tsayin ruwa. Ka nuna masa akwatinka, abin da ya zaɓa shi za ka ɗaura.

Inda kifi ke kwanciya idan ruwa ya cika

Salmon ba ya son ɓarnar ƙarfi. A ƙarancin ruwa yakan kwanta a wuyan gurbi inda ruwa ke shigowa da gudu yana kumfa, amma da kogi ya cika, wurin ya fi ƙarfinsa, sai ya koma wutsiyar gurbi inda ruwa ke shimfiɗewa sumul kafin ya gangara, ko cikin kwana ta ɓangaren da ruwa ya fi sanyin gudu, ko daf da gaɓa. Ka nemi ruwan da ke tafiya daidai saurin mutum mai takawa, zurfin mita 1 zuwa 2, musamman kan iyakar da mai gudu ya haɗu da mai laushi. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya kutsa ruwa iya ƙugu yana ƙoƙarin kai jifa ɗaya gaɓar, alhali ya taka inda kifin yake kwance ya kore shi. A cikar ruwa ka fara daga kan gaɓa da gajeriyar igiya, ka share abin da ke gabanka tukuna, sa'an nan ka ƙara tsawo.

Jifa da tafiyar ƙwaro

Amfanin jifan Spey shi ne igiya ba ta zuwa can bayanka, don haka itatuwa da doguwar gaɓa ba sa hana ka. Kana ɗaga sanda a hankali, ka jawo igiyar ta zagayo har ƙwaro da ƙarshenta su taɓa ruwa a gefenka kimanin tsawon sanda ɗaya, sauran igiyar ta yi tumbi a bayan sandar, sa'an nan ka tura gaba kana jan hannun ƙasa zuwa cikinka, ka tsayar da sandar a sama. Ƙarfi ba ya cikin abin, kuma mai gaggawa ne ya fi shan wahala. Ƙa'idar da ba a karyawa ita ce tumbin igiyar ya kasance a gefen da iska ke kaɗawa zuwa gare shi, don ta nisanta ƙugiya daga jikinka: idan iska na hawa kogi, ka yi jifa mai zagaye ɗaya a kafaɗar da ke ɓangaren da ruwa ke fitowa, idan tana gangarawa, ka yi mai zagaye biyu a kafaɗar da ke ɓangaren da ruwa ke gangarawa. Idan bakin igiyarka mai nutsewa ne, ka fara mirgino shi saman ruwa da ɗan jifa zuwa inda ruwa ke gangarawa kafin ka yi na gaske. Sa'a biyu da malamin jifa sun fi mako guda kana fama kai kaɗai.

Ka jefa ƙetare da ɗan gangarawa, a kusurwa ta kimanin digiri 45. Idan ruwan tsakiya yana da gudu zai ja cikin igiyar ya sa ƙwaro ya wuce kifi a guje, don haka da ta sauka ka ɗaga sanda ka kwantar da cikinta zuwa inda ruwa ke fitowa. Idan ruwan mai sanyin gudu ne, ka jefa kai tsaye ƙetare ko ka kwantar da cikin zuwa inda ruwa ke gangarawa don ƙwaron ya ƙara sauri. Daga nan ka bi igiyar da bakin sanda har ta zo ta miƙe a ƙasanka, ka ƙirga uku ko huɗu, ka jawo sannu sau biyu kafin ka ɗaga, domin a ruwa mai launi kifi yakan biyo ƙwaro har gaɓa ya cafke shi a nan. Sa'an nan ka yi taku ɗaya zuwa ƙasa ka sake jifa. Jifa ɗaya taku ɗaya, haka ake yi daga kan gurbi har wutsiyarsa. Ladabin kogi ne kada ka shiga ruwa a ƙasan wanda ya riga ka, ka bi bayansa da tazara, kuma kada ka kafe a wuri ɗaya ka tare wa na bayanka hanya.

Idan ya kama

Wannan shi ne wurin da sabo da wata fatsa ke cutar da mutum. Salmon yakan taso ya ɗauki ƙwaro ya juya zuwa makwancinsa, kuma a wannan juyin ne ƙugiya ke shiga kusurwar bakinsa. Idan ka fizga da jin taɓawar farko, daga bakinsa za ka zare ta. Ka bar shi ya ja, ko daga ɗan zaren da ka riƙe a sake tsakanin yatsa da ƙwarƙwaro, ko kai tsaye daga ƙwarƙwaron, har ka ji nauyinsa sosai, sa'an nan ka ɗaga sanda a natse. Idan ya taɓa bai riƙe ba, kada ka matsa, ka ɗan dakata ka maimaita jifan, in bai dawo ba ka sa ƙwaro mafi ƙanƙanta.

Da ya kamu, ka fito gaɓa a hankali ka tsaya daura da shi ko ɗan ƙasa da shi, don ya yi faɗa da sanda da kuma ruwa a lokaci guda. Idan ya zabura ka bar ƙwarƙwaro ya sake masa, idan ya yi tsalle ka sunkuyar da sanda, idan ya tsaya ka karkatar da ita gefe ka ture shi daga daidaitonsa. A cikar ruwa babban haɗari shi ne ya fice ta wutsiyar gurbi ya shiga gangara, kuma sau da yawa sassauta ja yakan sa ya juyo da kansa, alhali matsa masa ƙara masa gudu yake yi. Kada ka ja faɗan da tsawo don jin daɗi, tunda sakinsa za ka yi.

Ka yi amfani da koma mai laushi marar ƙulli, domin dokar ƙasar ta hana mai ƙulli da kuma ƙugiyar sokewa. Kifin ya zauna cikin ruwa, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, kada ka ɗaga shi ta wutsiya, kada ka ja shi kan tsakuwa. Ka cire ƙugiya da ɗan filaya, in ta shige can ciki ka yanke zaren ka bar ta. Sa'an nan ka tallafe shi kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa har ya murmure ya ƙwace da kansa. Kifin da ya shigo kwanan nan fari ne fat kamar azurfa, wani lokaci da ƙwarkwatar teku a jikinsa. Wanda ya daɗe a kogi yakan yi ja ko duhu. A farkon shekara kuma za ka gamu da waɗanda suka riga suka zuba ƙwai, ramammu masu babban kai, kuma su doka ta hana kashe su a kowane hali.

Tirawut na teku

Za ka bambanta shi da salmon ta wutsiya: tasa a miƙe take kamar an yanke da wuƙa, gindinta kuma kauri ne, ta salmon kuwa tana da ɗan rabi da siririn gindi. Tirawut yana da ɗigo-ɗigo har ƙasan layin da ya ratsa gefensa, kuma muƙamuƙinsa yana wuce bayan ido. Yana shigowa Spey sosai a Yuni da Yuli, kuma kifi ne mai tsananin tsoro, shi ya sa a ruwa garau da dare ake nemansa. Ruwan sama yana sauya wannan lissafi. Idan kogi na janyewa da sauran launi, tsoronsa yakan ragu ya kama da rana tsaka, a wutsiyar gurbi da gefen gudu, sau da yawa a kan ƙwaron da aka jefa wa salmon. A irin wannan ranar fatsar dare ba ta cika yin kyau ba, gara ka jira dare na biyu ko na uku bayan ruwa ya washe, lokacin da gurabe suka cika da sababbin shigowa.

Sanda mai hannu ɗaya ta ƙafa 10 ta isa, da igiya mai yawo, da zare mai ɗaukar kilo 3 zuwa 4, da ƙwaro irin Teal, Blue and Silver ko Stoat's Tail mai jikin azurfa. Ka je da rana ka ga gurbin, ka san inda za ka shiga da inda za ka fita da itacen da zai kama maka igiya. Da yamma ka zauna nesa da bakin ruwa, kada ka fara sai launin ciyawa ya ɓace jemagu sun fito, wanda a tsakiyar Yuni a can yakan kai ƙarfe 11, kuma duhun gajere ne. Dare mai ɗumi da gajimare da ɗan yayyafi shi ne mafi kyau. Idan sama ta washe, sanyi ya sauko, hazo ya kwanta a kan ruwa, yawanci kamu ya ƙare, sai dai a gwada babban ƙwaro a nutse bayan tsakar dare. Kada hasken tocila ya taɓa ruwa, ka juya baya idan za ka ɗaura ƙwaro. Bakin sabon shigowa yana da laushi, don haka a bi shi da sassauci. Idan aka soma ruwa mai ƙarfi a tsaunuka kana cikin duhu, ka fita, domin ba ka ganin tsinkenka. Ka kuma tanadi maganin shafawa ko ragar fuska saboda ƙananan ƙudajen cizo da ke fitowa dubbai idan iska ta kwanta bayan ruwa.

Bayan an tashi

Ka rubuta abin da ka kama a littafin yankin ko ka mayar da takardar izininka a cike, ko da ba ka kama komai ba, domin daga waɗannan alkaluma ake lissafin darajar kogi. Ka kuma ajiye naka littafin: kwanan wata, tsayin ruwa a ma'aunin da ya fi kusa, ko yana hawa ko yana sauka, launinsa, zafinsa, gurbin da kifi ya kama da ƙwaron da ya ɗauka. Bayan zuwa biyu ko uku za ka ga kowane gurbi yana da tsayin ruwan da yake ba da kifi a kansa. Ka warware sanda ka goge mahaɗanta, ka zare igiya ta sha iska, ka buɗe akwatin ƙwari a ɗaki mai ɗumi don kada ƙugiyoyi su yi tsatsa, ka juya wandon ruwa ka rataye shi, ka duba jikinka ko kaska ta maƙale daga ciyawar gaɓa. Idan kayanka sun taɓa shiga wani kogi a wajen Birtaniya, musamman a Norway, dole ne a kashe musu ƙwayoyin cuta kafin su taɓa Spey, saboda wata ƙwayar da ake kira Gyrodactylus salaris wadda ta hallaka 'ya'yan salmon a koguna da dama a can, kuma tana iya rayuwa kwanaki a jiƙaƙƙen takalmi ko koma. Yankuna da yawa za su ba ka takarda ka sa hannu a kan haka kafin su bar ka ka jefa igiya.